Kunyar Yaro da Makircin Babba: Sharhi a Kan Tsaron Yaran Indonesiya a Intanet



Sharhinmu na yau zai kai mu can gabas mai nisa, ƙasar Indonesiya, wadda duk wanda Allah ya nufa da sauke farali ya san mutanenta, domin babu ƙasar da ake ware wa kujerun aikin Hajji masu yawan nata, har 221,000 a 'yan shekarun nan, kuma da wuya mutum ya gama ɗawafi da sa'ayi bai yi kiciɓis da ayarinsu ba, suna tafe a jere cikin natsuwa, kowa na bin na gabansa. Wanda bai je Makka ba kuwa, ai ya san taliyar Indomie, wadda tushenta can ne. Ƙasa ce mai tsibirai fiye da 17,000, da harsuna fiye da 700, da mutane miliyan 270 bisa ƙidayar da aka yi a 2020, mafi rinjayensu Musulmi ne mabiya mazhabar Imamu Shafi'i. Abin da ya sa muka waiwaye ta yau kuwa shi ne wata fitina da ta auka wa 'ya'yanta ta hanyar wayar hannu, watau yadda miyagun mutane ke farautar yara ƙanana a intanet, su yaudare su, su karɓi hotunan tsiraicinsu, sa'an nan su riƙa yi musu barazana da waɗannan hotuna. Da kuma irin ilimin da hukuma da malamai da iyaye suke ƙoƙarin bai wa yaran domin su kuɓuta.

Ƙungiyar kamfanonin da ke sayar da intanet a ƙasar, wadda ake kira APJII, ta ƙiyasta a 2024 cewa mutum miliyan 221 ne ke shiga intanet, watau kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a, kuma galibinsu da wayar hannu suke shiga, ba da kwamfutar tebur ba wadda ake iya ajiyewa a tsakar gida kowa na ganin abin da ake yi da ita. Annobar korona ita ta ƙarasa abin da ya rage, gama lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka ce kowane ɗalibi ya yi karatu daga gida, uban da a da yake ganin ɗansa bai isa riƙe waya ba shi da kansa ya nemo ta ya danƙa masa, gwamnati kuma ta bi ɗalibai da kyautar data tun daga watan Satumba na 2020. Da annoba ta lafa aka koma aji, littafi ya dawo, amma waya ba ta koma hannun uba ba.

A watan Afrilu na 2024, Hadi Tjahjanto, wanda a lokacin shi ne babban ministan da ke kula da sha'anin siyasa da shari'a da tsaro, ya shaida wa 'yan jarida cewa wata cibiya ta Amurka mai karɓar rahotanni daga kamfanonin intanet ta ƙirga fiye da miliyan 5 da rabi na hotuna da bidiyon batsa na yara masu alaƙa da Indonesiya cikin shekara 4, abin da ya sa ƙasar ta zama ta 4 a duniya. Adadin yana tayar da hankali, amma adalci ya sa a faɗa cewa ba shi ne yawan yaran da aka cuta ba, domin hoto ɗaya yana iya bin hannu dubu a ƙirga shi sau dubu, kuma ƙasa mai yawan jama'a dole rahotonta ya yi yawa. Binciken da ya fi amfani ga mai neman magani, a ganina, shi ne wanda Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, da 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol, da ƙungiyar ECPAT suka haɗu suka fitar a watan Satumba na 2022, saboda su gida gida suka bi, suka zauna da yara kusan 1,000 'yan shekara 12 zuwa 17, suka ji daga bakinsu. Suka tarar kashi 92 cikin 100 na yaran wannan tsara suna shiga intanet, kuma aƙalla 2 cikin 100 na masu shigar sun faɗi cewa cikin shekara guda an yi musu barazana don su aikata alfasha, ko an watsa hotunansu ba da yardarsu ba, ko an ja ra'ayinsu da kuɗi da kyauta. Biyu cikin ɗari kamar ba komai ba ne a kunne, sai an auna shi da yawan jama'ar ƙasar an ga ya kai yaro kimanin 500,000. Masu binciken kuma da kansu sun ce abin da ke ɓoye ya fi haka, tun da yake ba kowane yaro ne zai buɗe baki ya gaya wa baƙo irin wannan magana ba.

Akwai abu biyu a cikin binciken nan waɗanda bai kamata a wuce su da gaggawa ba. Na farko, mai cutar yaron sau da yawa wanda ya sani ne: babban aboki, ko tsara, ko ma ɗan uwa na jini. Mun saba tunanin cewa hatsarin waya shi ne ta buɗe wa baƙo hanyar shiga ɗakin yarinya ba tare da ya yi sallama a zaure ba, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai binciken ya nuna cewa sau da yawa wanda ake tsoron ya riga ya yi sallama, an amsa masa, an shimfiɗa masa tabarma, abin da waya ta ƙara masa kawai shi ne damar kaɗaita da yaron da tsakar dare alhali mutanen gida na barci. Na biyu kuwa, wanda a kansa nake so mu daɗe yau, shi ne shirun yaran. A wasu nau'o'in cutar, har kashi 56 cikin 100 na waɗanda abin ya sama ba su gaya wa kowa ba. Waɗanda suka daure suka faɗa sun fi kai kukansu ga aboki ko ɗan uwa a kan su tunkari uwa ko uba. Zuwa wurin 'yan sanda kuwa, ko kiran lambar agaji, kusan a ce babu. Da aka tambaye su dalili, wani ya ce bai san inda zai je ba, wani ya ce kunya, wani yana ganin laifinsa ne, wani kuma yana tsoron jawo wa gidansu abin faɗa.

Domin mai sauraro ya ga yadda makircin yake tafiya, bari mu ɗauki al'amura biyu da 'yan sandan ƙasar suka bayyana a bainar jama'a. A watan Yuli na 2019 aka gano wani fursuna a Surabaya, wanda dama laifin lalata da yara ne ya kai shi gidan yari, yana ci gaba da ta'asarsa da waya daga cikin kurkuku. Sai ya ɗauki hoton malamar makaranta daga shafinta na Instagram, ya buɗe sabon shafi da sunanta da hotonta, ya bi ɗalibanta ɗaya ɗaya, ya karɓi lambobinsu na WhatsApp, ya umarce su da su aiko da hotunan jikinsu, wanda ya nuna alamar gardama kuma a tsorata shi da cewa za a kayar da shi a jarrabawa. Da aka bincika an sami hotuna da bidiyo fiye da 1,000 a wurinsa. Mai sauraro ya lura da kyau, mutumin nan bai fasa kalmar sirrin kowa ba, bai kutsa cikin wayar kowa ba. Tarbiyyar yaran ce ya yi amfani da ita, watau ladabin nan da aka shayar da su tun suna goye, cewa ba a musu da malami, kuma ba a tambayar babba dalilin umarninsa.

Na biyun ya fito ne a ƙarshen Nuwamba na 2021, lokacin da hedikwatar 'yan sanda a Jakarta ta ba da labarin kama wani saurayi ɗan shekara 21 a Berau, cikin lardin Kalimantan ta Gabas, wanda yake sanin yara ta wasan waya mai suna Free Fire. A cikin wasan akwai wani kuɗin wasa da ake kira lu'ulu'u, da shi ake sayen tufafi da makamai ga ɗan mutum-mutumin da yaro ke wasa da shi, kuma a duniyar yara wanda ba shi da shi abin raini ne ga tsararrakinsa. Sai ya yi wa yarinya alkawarin lu'ulu'un da darajarsa ba ta wuce rupiya 100,000 ba, kamar dalar Amurka 7 ke nan a lokacin, in ta ƙi kuma ya ce zai shafe mata shafin wasanta. Ta haka ya cuci 'yan mata 11, 'yan shekara 9 zuwa 17, a tsibirai dabam dabam. Babba zai yi mamakin yadda za a sayi mutuncin yarinya da abin da ko a hannu ba a iya riƙe shi, amma mamakin nan nasa shi ne alamar nisan da ke tsakaninsa da duniyar 'yarsa, kuma mugun ya san wannan nisa sarai.

Ba za a ce hukumomin Indonesiya sun naɗe hannu ba, kuma in da yawan doka na tsare yaro, da yaran ƙasar sun fi na ko'ina aminci. Akwai dokar kare yara ta 2002, wadda aka gyara a 2014, aka tsananta hukuncinta a 2016, kuma a ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kare Yara ta ƙasa, KPAI. Akwai dokar hana batsa ta 2008 da dokar mu'amala ta na'ura, ita ma ta 2008. A watan Afrilu na 2022 kuma, bayan shekaru ana ja-in-ja, majalisa ta zartar da dokar laifuffukan lalata da cin zarafi, wadda ta ambaci cin zarafin da ake yi ta na'ura da sunansa. Sa'an nan ga ƙa'idar gwamnati mai lamba 17 ta 2025, wadda ake yi wa laƙabi da Tunas, da Shugaba Prabowo Subianto ya ƙaddamar ranar 28 ga Maris na 2025, wadda ta ɗora wa kamfanonin intanet nauyin tantance shekarun mai buɗe shafi da neman yardar iyayensa, ta hana su tattara bayanan yara don kasuwanci, ta kuma ce dandalin da aka ga hatsarinsa babba ne ba a barin yaro ya shiga sai ya kai shekara 16, shi ma da izinin iyaye. Wannan mataki daidai ne, domin toshe kafar ɓarna tun ba ta auku ba, abin da malaman usulu ke kira saddu zari'a, haƙƙi ne a wuyan mai mulki, kuma kamfanin da ke cin riba da lokacin yaro bai cancanci a bar shi ya ce ba ruwansa da abin da ya sami yaron ba. Amma duk wanda ya san gidan talaka ya san waya ɗaya ce ke zagaya gida, da sunan uwa aka yi mata rajista, yaro ɗan shekara 10 kuma ba ya rasa wayon rubuta cewa shekarunsa 20.

Bugu da ƙari, doka ita kanta takan zama abin tsoro ga wanda aka zalunta. Mutanen ƙasar ba su manta da wata ma'aikaciyar makaranta a tsibirin Lombok ba, wadda ta naɗi muryar shugaban makarantarsu yana yi mata maganganun batsa ta waya, da muryar ta bazu sai aka juya ƙara kanta, har Kotun Ƙoli ta yanke mata ɗaurin wata 6 da tarar rupiya miliyan 500 a 2018, ba ta tsira ba sai da Shugaba Joko Widodo ya yi mata afuwa a 2019. Babbar mace ce, ba yarinya ba, amma kowace uwa da ta ji labarin ta ɗauki darasinta, kuma darasin nan shi ne a yi shiru.

Saboda haka aka koma ga ilimi, kuma a nan ma ba yau aka fara ba. Tun 2002 wata ƙungiya mai zaman kanta, ICT Watch, take gudanar da shirin wayar da kai da ta kira Internet Sehat. A 2017 aka kafa gamayyar Siberkreasi wadda ta haɗa gwamnati da ƙungiyoyi da kamfanoni. Ranar 20 ga Mayu na 2021 kuma Shugaba Joko Widodo ya ƙaddamar da babban shirin ƙasa da nufin ilmantar da mutum miliyan 50 kafin ƙarshen 2024, aka gina shi a kan ƙwarewa, da al'ada, da ɗa'a, da tsaro. Da ma'aikatar sadarwa ta auna jama'a da ma'auninta a 2022, sai ta ga jimillar makinsu 3.54 ne cikin 5, al'ada ta sami 3.84, tsaro kuwa shi ne na ƙarshe da 3.12, watau mutane sun iya na'urar, sun san yadda ake gaisawa a cikinta, abin da suka fi rauni a kai shi ne kare kansu. Ba abin mamaki ba ne, idan aka tuna cewa manhajar karatu ta 2013 ta cire darasin kwamfuta daga jerin darussa masu zaman kansu, daidai lokacin da wayoyin zamani suke kwararowa cikin ƙasar, ba a mai da shi wajibi a ƙananan sakandare ba sai a sabuwar manhajar da ake kira Merdeka.

Ni dai abin da nake tuhumar irin wannan shiri da shi, ko da yake ban raina shi ba, shi ne saurin gamsuwa da ƙirga kawuna. Da yawa daga tarurrukan ta intanet aka yi su, mutum ya shiga ya saurari lacca ya karɓi takardar shaida, a rubuta cewa an ilmantar da shi. Abin da aka fi koyarwa kuma shi ne ƙarfafa kalmar sirri, da gane labarin ƙarya, da ƙin danna abin da ba a san asalinsa ba. Duk wannan yana da kyau, amma ina amfanin kalmar sirri mai ƙarfi ga yarinyar da ta yi imani malamarta ce ke magana da ita? Ilimin da zai cece ta wani ne dabam, kuma ya fi wuyar koyarwa, domin yana taɓa abin da manya ba sa so a taɓa. Dole a gaya mata a fili, tun tana 'yar shekara 7 ko 8, cewa akwai umarnin da ba a bi ko daga bakin wa ya fito, malami ne ko kawu ko limami. Cewa hoto da suna a waya ba hujja ba ne cewa mai su ne ke magana. Cewa kyautar da aka haɗa da sharaɗin kada a gaya wa kowa tarko ce. Kuma, wanda ya fi duka muhimmanci, cewa ko da ta riga ta yi kuskure ta aika, ƙofar gida a buɗe take, domin duk ƙarfin mai barazana yana tattare ne a cikin tabbacin da yake da shi cewa yarinyar ta fi tsoron iyayenta a kan tsoronsa.

A nan ne malaman addini suke da aikin da babu minista ko kamfanin da zai iya yi a madadinsu, kuma Indonesiya ƙasa ce da maganar malami ke da nauyi, ƙasar Nahdlatul Ulama da aka kafa a 1926 da Muhammadiyah da aka kafa a 1912, ƙasar dubban makarantun kwana na addini da ake kira pesantren. Majalisar Malaman ƙasar ta fitar da fatawa mai lamba 24 a 2017 a kan hukuncin mu'amala a kafofin sada zumunta, inda ta haramta giba da annamimanci da ƙazafi da yaɗa ƙarya da batsa da tona sirrin mutane. Majalisar tarjihi ta Muhammadiyah kuma, a zamanta na Makassar a farkon 2018, ta tattauna fiƙihun kare yara da fiƙihun labarai. Sai dai fatawar ta fi fuskantar baligi mai rubutu da yaɗawa, alhali wanda ya fi bukatar jin hukunci shi ne yaron da ke kwance da dare yana zaton ya zama fasiƙi. Shi ya kamata a karantar da shi abin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa wanda bai balaga ba ba mukallafi ba ne, wanda aka tilasta kuma zunubin yana kan wanda ya tilasta shi. Kuma cewa kai ƙarar azzalumi ba giba ba ce, gama Imamu Nawawi, wanda shi ma jigo ne a mazhabarsu ta Shafi'iyya, ya lissafa wurare 6 da ambaton mutum da aibinsa ya halatta a littafinsa Riyadus Salihina, ya kuma fara da kukan wanda aka zalunta ga mai ikon ƙwato masa haƙƙi. Kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana mutum aikata alfasha. Wadda ke rufe bakin yaro har azzalumi ya ƙara cin wasu goma ba ta cikin wannan babi ko kaɗan, kuma suturta Musulmi ba ta taɓa nufin suturta mai farautar yara ba.

Masu cewa koya wa yara iyakokin jikinsu baƙon abu ne daga Turai kuwa, sai su buɗe littattafan da ke hannunsu. Safinatun Naja, ɗan littafin fiƙihun da almajirin pesantren yake farawa da shi, kamar yadda namu yake farawa da Ahalari, tun a shafukansa na farko ya kawo alamomin balaga, ya bi da hukuncin wanka da na al'aura ba tare da kewaye-kewaye ba. Suratun Nur kuma ta koya wa yara neman izini kafin shiga wurin manya a lokuta uku na yini. Magabata ba su ji nauyin kiran abu da sunansa ba idan aka zo wurin ilimi. Mu ne 'yan baya muka ƙirƙiro jin nauyin, muka kuma yi masa rawani muka ce addini ne. Amma a gefe guda, Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a can kamar yadda ake karanta shi a zaurukanmu, ya cika zuciyar almajiri da girmama malami, kuma wannan alheri ne matuƙar an haɗa masa da iyakarsa. Abin da ya fito fili a Bandung a ƙarshen 2021, inda wani malamin makarantar kwana ta addini ya shafe shekaru yana lalata da ɗalibansa mata 13 ba wanda ya ji, har kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa hukuncin kisa a 2022, ba ta intanet ya auku ba, amma shirun da ya ba shi dama shi ne dai shirun da fursunan Surabaya ya dogara da shi.

Iyaye kuwa, ba daidai ba ne a tsaya a kan mumbari ana zarginsu da sakaci ba a dubi halinsu ba. Miliyoyin mutanen Indonesiya suna aikatau a Malesiya da Saudiyya da Hong Kong da Taiwan, da yawansu mata ne da suka bar 'ya'ya a ƙauyukan Jawa da Lombok a hannun kaka, kakar da wataƙila ba ta san inda ake kunna wayar ba; kuma wayar nan ita ce kaɗai hanyar da yaron yake ganin fuskar uwarsa. Yaya za a ce a ƙwace ta? Kai, ko a gidan da uwa da uba suke nan, ƙwace waya shi ne hukuncin da ya fi saurin zuwa hannu, kuma shi ne ya fi cutarwa a wannan babi, domin yaron da ya san in ya faɗi abin da ya same shi za a fara da marinsa a ƙare da raba shi da abokansa da wasansa, to ya riga ya yanke shawarar yin shiru tun abin bai faru ba. Don haka rabin wannan ilimi na manya ne, kuma wurin ba da shi ba ɗakin taro na otal ba ne. Majalisun ta'alimi ne na unguwa inda mata ke taruwa kowane mako, da ƙungiyoyin mata irin su Muslimat da Aisyiyah, da ƙungiyar kyautata rayuwar iyali ta PKK wadda ta kai har ƙauyuka. Abin da za a koya wa uwa a can ba shi da yawa, amma yana da nauyi: idan 'yarki ta zo miki da irin wannan magana, ki haɗiye fushinki, kada kalmar farko da za ta fito daga bakinki ta zama ta zargi, kada ki goge saƙonnin domin su ne shaida, kuma ki san akwai lamba 129 da ma'aikatar mata da kare yara ta buɗe a 2021 don karɓar irin wannan kuka.

Kada kuma a raina matan nan. A watan Maris na 2017, lokacin da 'yan sandan Jakarta suka tarwatsa wani zaure na Facebook mai mambobi fiye da 7,000 da ake musayar hotunan batsa na yara a cikinsa, wasu iyaye mata ne suka fara gano shi, suka daure wa ganin abin da ido ba ya son gani, suka tattara shaida suka kai wa hukuma, alhali na'urorin tace abubuwa na kamfanin sun bar shi yana ta haɓaka wata da watanni. Amma a cikin al'amarin akwai wani abu mai ɗaci da ba a cika ambato ba: daga cikin mutum 4 da aka fara kamawa suna tafiyar da zauren, 2 ba su kai shekara 18 ba.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda na ga an fi mantawa da su a duk tsarin, watau tsararrakin yaron. Ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'ida a 2023 wadda ta wajabta wa kowace makaranta kafa kwamitin hana cin zarafi da magance shi, kuma wannan ci gaba ne. Amma tun da bincike ya nuna aboki ake fara gaya wa, to ashe mai karɓar ƙara na farko a Indonesiya ba ɗan sanda ba ne, ba kwamiti ba ne, wata yarinya ce 'yar shekara 13 da ƙawarta ta raɗa mata magana a hanyar komawa gida, ta kuma sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ita wa ya koya mata abin da za ta yi? Akwai majalisun yara da ake kira Forum Anak, waɗanda gwamnati ta kafa tun daga matakin ƙasa har zuwa gundumomi da ƙauyuka da yawa, aka ɗora musu zama masu jagoranci da masu kai rahoto, kuma ta irinsu ne ya kamata darasin ya bi, daga bakin yaro zuwa kunnen yaro, da harshen Jawa ko Sunda ko Bugis da suke hira da shi. Ƙawar nan tana bukatar ta san cewa ba a tura hoton gaba ko da da niyyar nuna takaici ne, domin kowace turawa sabuwar cuta ce kuma laifi ne a doka. Cewa ba a biya wa mai barazana bukatarsa, gama wanda aka ba shi ɗaya zai dawo neman biyu. Kuma cewa rantsuwar da aka sa ta yi a kan ɓoye zalunci ba ta hana ta kama hannun ƙawarta ta kai ta wurin babban da suka amince da shi, ko malamar ba da shawara ta makaranta ce, ko goggo, ko matar limamin unguwa, in dai an riga an koya wa shi wannan babban yadda ake sauraro.

Mu kwana nan.